Taku Arba'in da Ɗaya a Gonar Malam Gide

Akwai wani bawan Allah da ake kira Alhaji Mas'ud, ɗan asalin Mairuwa ta ƙasar Faskari. Aikin gwamnati ne ya zaunar da shi a Kaduna, har ya kai muƙamin darakta. Dogo ne mai ƙirar ƙarfi, mai son a gan shi tsaf. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallon ƙafa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kaka-gida, wato wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne makeke mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da ramuka goma sha takwas. Kowane rami yana da wurin da ake tsayawa a yi masa bugun farko. Ana kafa wani ɗan tsinke a ƙasa, a ɗora 'yar farar ƙwallo a kansa, a ɗaga sanda a maka mata.

Wannan bugun farkon shi ne abin tinƙahon Alhaji Mas'ud. In ya saki sanda, sai ka ga abokan wasansa sun ɗora hannu a goshi suna neman ƙwallo a sararin sama.

Yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Gide. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, Gide yana aji biyu a sakandare. Shi ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya, don ƙanen ya ci gaba da karatu har jami'a a Zariya. Kuma bai taɓa goranta masa ba ko da wasa.

Wata shekara Malam Gide ya shigo mota takanas har Kaduna. Ɗiyarsa ta fari, Hamida, ta gama kwalejin ilimi, ta kawo wanda take so daga Sabuwa, har an sa rana.

"Mas'udu, kai ne ubanta," in ji Malam Gide. "Kai za ka ba da aurenta. Asabar ta biyu bayan babbar sallah."

Alhaji Mas'ud ya duba wayarsa. Ranar ta zo daidai da babbar gasar golf ta shekara, wadda ya yi wata shida yana shiri dominta.

"To Yaya, in sha Allahu zan yi ƙoƙari," ya ce, bai ɗago ido ba.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Gide. Liman ya zauna, dangin ango sun iso tun hantsi. Aka yi ta kallon hanya har aka kira azahar. Daga ƙarshe wani dattijo maƙwabci ne ya karɓi walicci aka ɗaura.

A daidai wannan lokacin Alhaji Mas'ud yana tsaye a rami na bakwai, inda wani tafki ya gitta fili. Kowa yakan buga a hankali ya tsaya kafin ruwan. Shi kuwa ya zaro babbar sandarsa ya saki bugu ɗaya, ƙwallo ta tsallake tafkin ta sauka can gaba. Fili ya ɗauki tafi. Da yamma aka miƙa masa kofi, aka yi ta hotuna. Bayan kwana uku ya aika direbansa ya kai wa amarya firji.

Shekara huɗu bayan haka, wata safiya yana ofis, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsinci kansa a ƙasa. Ya buɗe baki zai kira sakatare, harshe ya ƙi juyawa.

Likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu.

Makon farko ɗakin asibiti ya cika da abokan wasa, kowa da ledar lemo da ayaba. Mako na uku sai saƙon waya. Da aka shiga wata na biyu ƙafa ta ɗauke. Ba wai mugaye ba ne, wasa ne dai ya ci gaba ba tare da shi ba.

Da aka sallamo shi, ya sa aka saki labulen ɗakinsa. Ya ce kada a bar kowa ya shigo. Mutumin da ya saba a tafa masa, yau sai an goge masa yawu a gefen baki. Ya ƙi mai gashin jiki, ya fara ƙin abinci. Matarsa, Hajiya Fatima Zahra'u, ta yi lallashi, ta yi kuka, ta gaji. Sai ta buga wa Malam Gide waya.

Washegari kafin azahar sai ga shi. Ya yaye labule, ya dubi ƙanensa ya daɗe, sannan ya juya.

"Hajiya, haɗa mashi kayanshi. Gida za mu tahi."

Alhaji Mas'ud ya yi ta fama da harshe har ya samu ya ce, "Ba... inda... za ni."

"Lokacin da nike goya ka ban tambaye ka ba," in ji Malam Gide. "Yanzu ma ba tambayarka nike ba."

Shi ya ɗauke shi cak ya sa a mota. Za su fita ya hango doguwar jakar sandunan golf a jingine bayan ƙofa, ta yi ƙura. Ya ce a sa ta a but. Hajiya ta ce, "Yaya, me zai yi da su kuma?" Ya ce, "Manomi ba ya tahiya ya bar fartanyarshi."

A Mairuwa, Malam Gide ya zama ɓarin hagun ƙanensa. Shi ke yi masa wanka, shi ke kai shi bayi, shi ke riƙe masa buta. Alhaji Mas'ud yakan runtse ido in ana cuɗa masa baya, kunya da baƙin ciki suna cin sa. Da yayan zai yi masa faɗa ko sau ɗaya, da ya fi masa sauƙi. Amma Malam Gide sai dai hirar farashin taki da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu.

Duk Talata yakan kai shi asibiti a Funtuwa, wurin wata ma'aikaciyar gashin jiki mai suna Hafiza. Sai ta ɗaga hannun, ta saki, ya faɗi kamar tsumma. Alhaji yana kallon bango.

Wata rana ta ce wa Malam Gide a gabansa, "Baba, jijiyoyin nan ba su mutu ba, barci suke yi. Amma ni ba zan iya tashinsu ni kaɗai ba. Shi ne bai ga dalilin tashi ba. Ku nemo masa abin da zai sa ya so miƙewa."

Malam Gide ya riƙe maganar a ransa har suka iso gida.

Damina ta faɗi. Gonaki biyu gare shi. Babbar, ta wajen daji, shekara uku ke nan bai taka ta ba saboda 'yan bindiga. Saura ta bayan gida, wadda ita ce abincin gidan gaba ɗaya.

Wata safiya Alhaji Mas'ud yana kwance ya jiyo muryar Talatu, matar yayansa, ta taga.

"Malam, mi nike gani haka? Ka shuke gabas, ka shuke yamma, ka bar tsakiyar gona fayau, kuma nan ne inda ya fi taki."

"Na gani, Talatu."

"Ta daji mun bar wa ɓarayi, ta gida kuma za ka bar wa ciyawa? Mi za mu ci in rani ya yi?"

"Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa. Ki yi mani haƙuri na bana kawai."

Alhaji Mas'ud ya ji, amma bai gane ba. Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa yayan nasa.

Sai da masara ta kai gwiwa Malam Gide ya goyo shi ya zaunar a kujera ƙarƙashin mangwaron bakin gona. Alhaji ya ɗaga ido. Tsakanin masarar gabas da ta yamma ga wani dogon layi na koren ciyawa, an bi shi da lauje an daidaita. Can ƙarshensa an kafa gora, an ɗaura mata jan ƙyalle.

"A wayar yara na ga yadda filin naku yake," in ji Malam Gide. "Ni ma so nike in koya. Abin da ya riƙe ƙanena shekara ashirin, ai ba ƙaramin abu ba ne."

Ya jawo jakar, ya zaro sandar da ta fi kowace girman kai.

"Wagga mi sunanta?"

Alhaji ya kau da kai. Can dai ya ce, "Direba."

"Ikon Allah! To ina kwandastan?"

Alhaji bai yi dariya ba. Malam Gide ya kafa tsinke, ya ɗora ƙwallo, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga sanda sama da kansa ya sara. Ƙasa ta yi tsalle, ƙwallo na nan inda take. Ya sake. Ya kuma sakewa. Sandar da Alhaji ya sayo daga ƙasar waje, wadda ko mai aikinsa ba ya bari ya taɓa, ga ta ana haƙar dankali da ita.

Rana ta farko ya daure. Ta biyu ya rufe ido. A rana ta uku, da yayan ya ɗaga sanda, sai kawai aka ji tsawa daga ƙarƙashin mangwaro.

"Yaya, ba haka ba ne! Ba huɗa kake yi ba!"

Talatu da ke tsinkar rama a gefen gona ta saki kwando. Wata biyar ke nan ba a ji ya haɗa magana mai tsawon haka ba.

Malam Gide ya yi kamar bai lura ba. "To yaya ake yi?"

"Buɗe ƙafa. Sassauta hannu. Ta gefe ake zuwa mata."

Ya gwada, ya sake sarar ƙasa. "Ni fa ban gane karatun baki. Taso ka gwada mani."

"Ka san ba na iya tashi."

"To shi ke nan, bari in ci gaba da nawa."

Ya sake tofa yawu a hannu. Alhaji Mas'ud ya dafa kujera da hannun dama, ya yunƙura. Kafin ya kai ƙasa yayan ya tare shi da kafaɗa. Suka tsaya a haka, ƙafa uku na aiki, ɗaya na jan ƙasa. Ranar ya yi tsayuwar da ba ta fi ta karanta Fatiha ba, amma ya tsaya.

Daga nan kullum bayan an karya kumallo suna bakin gona. Masu wucewa a kan babur sukan tsaya su yi kallo, wasu su yi dariya, su ce 'ya'yan marigayi sun haukace gaba ɗaya. Malam Gide yakan ɗaga musu hannu ya ce a gai da gida.

Wata rana suna hutawa a inuwa, Malam Gide yana gasa musu masarar fari, sai ya ce, "Wai ni kam, duk bugun da ka yi a duniya, wanne ne in ka tuna kake jin daɗi?"

Fuskar Alhaji ta washe. Harshensa ya saki kamar ba shi ba. Ya ba shi labarin rami na bakwai, da tafkin da kowa ke tsoro, da yadda iska ke busowa ta dama. Ya ce akwai wata ƙara da sanda ke yi in ta samu ƙwallo a tsakiyar cikinta, wadda tun kafin ka ɗaga ido ka san ta tafi. Ya ce har yanzu yana jin ƙarar a kunnensa.

"Kai, madalla!" in ji Malam Gide. "Ina ma ina wurin. Yaushe ne aka yi haka?"

"Shekara huɗu ke nan. Wata Asabar ce, bayan babbar..."

Maganar ta maƙale. Wannan karon ba ciwo ne ya riƙe harshen ba.

Malam Gide ya juya masarar a kan garwashi. Kurciya tana kuka a saman mangwaro.

"Yaya," in ji Alhaji Mas'ud, hawaye na bin gefen fuskar da ta karkace, "ranar auren Hamida ce. Kuna nan kuna jira na, ni ina can ana tafa mini."

"Na sani tun da ka ce Asabar."

"Kuma ka zo ka ɗauko ni. Ka bar mini tsakiyar gonarka."

Malam Gide ya sauke masarar daga wuta. Sannan ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar na ji zafi. Da mutane suka watse na shiga ɗaki na kasa cin abincin bikin ɗiyata. Na yi wata uku in na ga kiranka sai in ba yara su ce na fita. Amma hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Ungo, ci masara tun da zafinta."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ni na daɗe da yafewa. Mai haƙƙin tana Sabuwa."

A ranar Alhaji ya sa aka kira masa Hamida a waya. Ya yi ta haɗa kalmomi da ƙyar, ita kuma tana kuka tana cewa, "Baba, don Allah ka bari, wallahi ya wuce." Ta ce za ta zo ta kawo masa jikansa ya gani.

Tun daga ranar Alhaji ya canza. Shi ke tashin yayansa a tafi gona. Hafiza ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya matsa har yatsu suka fara kama sanda. Ba wai abin ya zo da sauƙi ba. Sau biyu yana faɗuwa, ɗaya har ya fasa leɓe. Ya yi sati uku yana kai bugu yana dukan iska. Akwai ranar da ya yi jifa da sanda cikin masara ya ce ya bari har abada. Malam Gide ya shiga ya nemo ta, ya goge, ya jingine masa a kujera.

Ranar wata Juma'a da hantsi, masara ta fi mutum tsawo ta yi goyo, Hamida ta iso da ɗanta a baya. Aka ce mata su Baba suna gona. Ta same shi tsaye da ƙafafunsa, sandar dogarawa a jingine, ta golf a hannu.

Ba ya iya sunkuyawa, don haka ita ta durƙusa ta kafa masa tsinken, ta ɗora ƙwallo.

"Bismillah, Baba," ta ce.

Ya dubi jan ƙyallen can nesa. Ya dubi hannunsa na hagu, ya ga yatsun sun riƙe. Ya ja sanda baya a hankali, bai kai ta ko kafaɗa ba, ya sako.

Ƙwas!

Ƙwallo ta tashi. Ba ta yi sama sosai ba, ba ta ma wuce kan masara ba. Amma ta miƙe sak a tsakiyar layin, ta sauka, ta yi tsalle biyu, ta gangara ta tsaya.

Talatu ta rangaɗa guɗa daga bakin gona. Malam Gide ya tattare rigarsa ya bi layin yana ƙirga taku da ƙarfi kamar mai awon fili. "Talatin da tara... arba'in... arba'in da ɗaya!" Ya sunkuya zai ɗauki ƙwallon.

"Yaya, kada ka taɓa ta!" in ji Alhaji Mas'ud. "A wasan nan, wanda ya buga shi ke bin ƙwallonsa."

Hamida ta miƙo masa sandar dogarawa, ya girgiza kai. Ya ɗaga ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ya sake. Malam Gide ya dawo da gudu ya tsaya a bayansa, ya buɗe hannuwa biyu kamar mai bin ɗan tatata, amma bai taɓa shi ba.

Abin da yayan ya taka a arba'in da ɗaya, shi ya fi ɗari kafin ya kai. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Da ya isa, ya tsaya a kan 'yar farar ƙwallon yana haki, ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sannan ya waiga. Dattijon da bai yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka binne mahaifinsu, ga shi ya rufe fuska da hularsa.

A kakar nan rumbun Malam Gide bai cika ba. Amma kafin rani ya yi nisa Alhaji Mas'ud ya sa aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a bakin gonar. Yau sau biyu ake nomanta a shekara, masara da damina, tumatir da albasa da rani, kuma rabin unguwar a nan suke ɗiban ruwan sha.

Alhaji ya koma Kaduna da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi. Bai sake cin kofi ba, kuma ba ya yin wata guda bai kwana a Mairuwa ba. Wata rana a filin wasa wani sabon ɗan wasa ya tambaye shi bugun da ya fi so a rayuwarsa. Ya ce, "Wani ne na taku arba'in da ɗaya, a gonar masara."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

Alhaji ya ce, "Na yi waɗanda suka ninka shi sau bakwai, duk waɗanda suka tafa mini sun manta. Wannan kuwa mutum uku ne suka gani, kuma ba wanda idonsa ya bushe."

Darasi: Hausawa suka ce ɗan'uwa rabin jiki, amma Alhaji Mas'ud bai gane ba sai da rabin jikinsa ya tsaya. Masu tafa maka saboda ƙarfinka, ƙarfin suke yi wa tafi. Kada kofi, ko kujera, ko wata sha'awa ta hana ka zuwa inda naka ke jiranka. In kuma kai ne aka ɓata wa, yi irin ta Malam Gide, haƙuri da alheri ba sa faɗuwa ƙasa banza. In akwai ɗan'uwan da ka daɗe ba ka nema ba, kira shi yau tun kana da bakin magana. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, wataƙila wani zumunci ya gyaru ta dalilinku.